Zagaye na Bakwai

Fanna ta gwada tattasaina, gwajin ya kama buhu tara cikin ashirin.

Fanna ƴata ce ta uku. Shekara shida tana aiki a wani labo, ɗakin bincike, a ƙasar waje. Ni ban yi lakwal ba, karatun boko. Tattasai na sani. Shekara arba'in ina noma shi a Shetimari, bakin kogin Komadugu, kuma ba a taɓa maido mini da buhu ba.

Ta zo da ƴan tsinkayen takarda cikin kwali. Ta ce kowanne yana ɗauke da furotin, wani abu da ido ba ya gani, mai cafke gubar hunhuna in tana cikin kaya. Na farkon da suka samu a labon riƙonsa sako-sako ne. Sai suka yi ta sauya shi iri dubu-dubu, su zaɓi masu riƙo da ƙarfi, su zubar da saura, su sake hayayyafa zaɓaɓɓun. Sau bakwai. Da na zagaye na bakwai ta gwada tattasaina.

"Ai zaɓen iri ne," na ce. "Wannan kika tafi koyo har can?"

"Shi ne, Baba. Sai dai naka shekara, namu mako biyu."

Bana ruwan kogi ya hau shanyata. Na sake busar da abin da ya jiƙe, ya yi ja, ya yi kyau. Shi ne taran nan.

Abbakar dillali ya zo daga Diffa da mota, ya riga ya yi wa mutanensa alkawarin buhu ashirin. Ya tsaya yana leƙen kwalin.

"Likita," ya ce wa Fanna, "waɗannan na gefe fa?"

"Na zagaye na uku ne. Don kwatance na riƙe su. Sai guba ta yi yawa sosai suke kamawa."

Ya yi dariya. "To ai su ne masu mutunci. Kai kuma, Ba Grema, sa ta gwada da su. Gwaji gwaji ne. In ka ware tara, gobe duk kasuwa ta ji tattasanka ya yi hunhuna."

Gaskiya ya faɗa, kasuwa za ta ji. Fanna ta sunkuyar da kai, hannunta a kan kwalin. Na san in na ce ta ɗauko, za ta sha wuyar ce mini a'a a gaban baƙo.

"Ba za ta ɗauko ba," na ce. "Taran nan ba su hawa motarka."