Rigar Goni a Gaban Jama'a

...to ai ga shi nan, Umair, jikanta, cikin talabijin. Kai tsaye fa, yanzun nan yake magana. Hajo ta kasa zama. Dubi mutane, kujeru hawa-hawa, kai ka ce filin Idi... duk sun zo ne wannan mai falka-falkan kunnuwan ya ba su dariya? Wanda ta goya har kasuwar Kurmi yana tsula mata fitsari a baya?

Matan unguwarsu, Kabara, sun cika mata ɗaki, Uwani maƙwabciya har da riƙe ciki. Ku dara, ku dara, nata ne. Wa ya koya masa bakin? Ta ce masa mijin banza, ko sabulu bai taɓa sai mata ba — shi kuma ya ce ya sake ta, me zai yi da tsohuwa ba haƙori... haka suke tun yana koyon magana. Ya faɗa ta rama, ta faɗa ya rama. Wasan kaka da jika, ba mai fushi.

"Ina da wata mata a Kabara," in ji shi.

Ita ce, wallahi ita ce! Daɗi kamar ya kashe ta. Har tana gyara kallabi, sai ka ce suna ganinta. To faɗi, ja'iri, haƙoran ne? Goron da take ɓoyewa? Amsa na nan a bakinta.

Rigar Goni... labarin rigar Goni yake ba su. Wai shekara tara da rasuwar mijinta Goni, amma kullum da safe sai ta buɗe adaka ta yi wa shuɗiyar rigarsa faɗa — ka tafi ka bar ni da ɗaki yana yoyo, ka kyauta? Ga shi yana kwaikwayo, har yadda take shafa wuyan rigar. Yaushe ya gani? Ashe idonsa biyu? Dariya kamar rufin zai faɗo.

"Mara kunya," in ji Hajo, "ai gara rigar da kai, ita tana jin magana."

Amsar ta yi kyau kuwa. Tana jira ya juyo... ruwa yake sha. Ya shiga labarin 'yan adaidaita sahu. Ba ya jin ta. To a ina za ta rama?

Uwani ta daina dariya, adakar take kallo. Duk matan ma adakar suke kallo. Gobe da safe fa... da wane ido za ta buɗe ta, me za ta ce wa Goni?