Kukan Birki

"To, a haɗa da ni a sayar mana," in ji Priscilla. "Tunda duk abin da ya faɗi ƙasa a gidan nan sai an kira masa Ɗantala dillali."

"Ki iya bakinki," in ji mahaifinta, Baba Timoti. "Ba da sa'anki kike magana ba."

Laraba, matarsa, tana zaune a bakin ƙofar kicin tana tsintar wake, kai a sunkuye kamar wadda ba ta ji. Tana ji sarai. Haka ma matan gidan hayar, waɗanda yau kowacce ta tuna tana da shanya a bayan tagar falon nan.

Abin da ake faɗa a kansa yana jingine da bango. Keken hawan dutse ne mai batir, siriri, mara nauyi, wanda ko Laraba da ciwon bayanta tana iya ɗaga shi. Priscilla nas ce a wani asibiti a Abuja, a can ta saye shi hannun wani Bature mai komawa ƙasarsu. Tun da ya shigo unguwarsu ta Kwamba take tarairayarsa kamar ɗan fari. Ta hau, ta sauka, ta rage wa shokozoba, abin da ke shanye gargada, iska, ta sake hawa, har sai da ya riƙa nutsewa daidai nauyinta. Sirdi kuwa ya sha ɗagawa da saukewa. Tayoyin da gangan take barin su da ɗan laushi, wai don su kama dutse. Ran Asabar sai ta kifa hular kwano ta bi 'yan ƙungiyarsu zuwa tuddan bayan Madalla, ta dawo da jar ƙasa har gira, baki har kunne.

Asabar ɗin da ta wuce kuwa a a-daidaita-sahu aka dawo da ita, hannun dama cikin filasta. A tsakiyar gangare ta matse birki, birki ya ce bai san zancen ba.

"Tun farko na faɗa," in ji Baba Timoti, yana nuna keken da leɓe. "Abu shi ba keke ba, shi ba babur ba, jemage ke nan. Mace da girmanki, tsararki suna ɗaura aure a coci, ke kina bin duwatsu kamar biri. Gobe Ɗantala zai zo ya ɗauke shi."

"In ya fita, tare za mu fita. Ɗakin haya bai ƙare a Kubwa ba."

Nan hannun Laraba ya tsaya cikin wake. 'Yar ke nan guda da ta rage mata a gida, kuma ta san halinta, kan mahaifinta ta ɗauko, in ta faɗa ta gama.

Priscilla ta durƙusa da ƙyar, ta ɗauki farin tsumma da hannun hagu, ta goga a faifan ƙarfen da birki yake kamawa. Ta miƙe ta ɗaga tsumman. Ya yi baƙi ƙirin.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Datti."

"Baƙin mai ne, na mota. Faifan nan ko da hannu mai maiƙo ba a taɓa shi. Ga tayoyi an ɗura musu iska sun koma kamar dutse, keke yana ta tsalle da ni. Ni ban yi ba. Wa ya yi?"

"Ni kike tuhuma?"

"Tambaya nake."

Laraba dai ta san amsar. Baba Timoti tsohon direban ma'aikata ne, kuma bayan Littafi Mai Tsarki aya ɗaya ya riƙe a duniya: duk abin da ya yi ƙara, mai yake nema. Birkin keken yakan yi ɗan kuka in an wanke shi. Ran Juma'a, Priscilla tana wurin aiki, abokan hirarsa na gindin mangwaro suka tsokane shi, wai direban gwamnati guda amma keken 'yarsa yana kukan yunwa. Ya tura keken wurin mai faci aka buga masa iska. Ya dawo ya tsoma gashin kaza a gwangwanin baƙin mai, ya shafe faifan gaba da na baya, yana rera waƙar coci. Har ya juyo ya ce wa Laraba, "Yaran yanzu sai karatu, ba su san kula da ƙarfe ba."

"Mama," in ji Priscilla. "Kina gida ran Juma'a."

Tun da aka ɗaura musu aure Laraba ba ta taɓa ƙaryata mijinta a gaban ɗa ba. Miji zane ne, ko ya yage ba a nuna wa kasuwa. Amma abin da ya tsaya mata a wuya tun Asabar shi ne addu'ar da ya yi a bakin gadon asibiti, da ƙarfi, har masu jinya suna amin, yana roƙon Allah ya tona asirin maƙiyan da suka sa wa 'yarsa hannu.

Ta gwada buɗe masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. "Baban Priscilla, yarinya tana tambaya."

"Ke take tambaya. Gaya mata ba ki ga komai ba."

Ko kallonta bai yi ba da ya faɗa. Da ya kalle ta, da wataƙila ta rufa masa. Laraba ta ajiye tiren wake a ƙasa, ta kakkaɓe zanenta.

"Na ga gashin kaza," ta ce. "Na ga gwangwani. Waƙar ma na ji."

Bayan taga wata ta saki bokiti.

Priscilla ba ta yi ihun da uwar ta zata ba. Muryarta ma sauka ta yi. "Baba, na san gyara ka yi niyya. Ka ce kai ne kawai. A wanke faifan, a sauya abin da ya jiƙe, maganar ta mutu. Amma kada ka sayar mini da keke don ka binne abin da hannunka ya yi."

Baba Timoti ya dubi filastar. Ya daɗe yana dubanta, har Laraba ta fara cewa a ranta yau dutse zai yi ruwa.

"Har na yi ritaya ina tuƙa manya," ya ce, "ko kaza ban taɓa takawa ba."



Ya ɗauki hularsa daga kan talabijin, ya kifa ta a karkace. A bakin ƙofa ya juyo, idonsa jajir, ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa.

"Kuma man da na sa mai kyau ne."

Ya fita, ya buga ƙofar har keken ya zame daga jikin bango.