Kada Ka Zo, Muttaka

Muttaka yana wanke motar kafil ɗinsa, wato uban gidansa, a unguwar Al Gharrafa ta Doha sai yayarsa Rifkatu ta kira shi. Ita ce sarauniyar garinsu, 'yar cocin Baftis. Shi kuwa tun da ya musulunta wasu dattawa suka dage cewa kujerar tasa ce.

"Inna ta rasu," ta ce. "Kada ka zo, Muttaka."

"Yaya, don na bar miki sarautar fa na taho Doha."

"Na sani. Amma suna ganinka a bakin kabari za su naɗa maka rawani, kuma sai an zubar da jini."

Ita ce ta goye shi yana jariri.

"To, ranki ya daɗe," ya ce.

Bai taɓa kiranta haka ba sai ranar.