Shaidar Mai Tattabaru

Idan mutum yana da 'ya'ya biyu, ɗaya tana kabari ɗaya yana numfashi, haƙƙin wane ne ya fi nauyi a wuyansa? Malaman unguwar ba su da amsar wannan, mai ba da labarin nan ma ba shi da ita. Fawwaz, wanda kowa ke kira Abu Giyas, wato uban Giyas, ya kwana tara yana juya tambayar a saman benensa, tsakanin akurkin tattabaru da tankin ruwan da harsashi ya huda.

A garinsu, can gefen Dimashƙa, an daɗe da yanke wa masu kiwon tattabaru hukunci: alƙali ba ya karɓar shaidarsu. An ce suna janye tsuntsayen maƙwabta su rantse nasu ne, an ce suna leƙen gidajen mutane daga sama. Fawwaz ya shekara talatin ana yi masa wannan gori, bai taɓa damuwa ba. Da aka ɗauki ɗansa Giyas aikin soja na dole, aka kai shi gadi a sansanin jiragen yaƙi na bayan dutse, abin da ya ba shi guzuri shi ne tattabara guda, baƙa mai farin wuya.

"Waya za ta iya yankewa," in ji shi a ranar. "Wannan kuwa ba ta san wata hanya ba sai ta gida."

*

Da hantsi abin ya faru. Ƙarar jirgi ta taso daga bayan dutse, unguwa ta yi abin da shekara biyu na yaƙi suka koya mata, kowa ya ruga ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Fawwaz da kansa ya tura matarsa Wisal da 'yarsu Rahaf mai shekara goma sha ɗaya.

"Ku sauka, ina zuwa!"

Bai bi su ba, don ya hango baƙar tattabarar tana shawagi, ta gaji, ta ƙi sauka. Ya tsaya yana yi mata fito yana watsa alkama. Ƙarar da ta biyo baya ba ta kai ta kullum ba, kamar an yar da buhun siminti. Har hamdala ya yi. Da tsuntsuwar ta sauka a hannunsa ya kwance takardar da aka naɗe mata a ƙafa. Rubutun Giyas ne, a karkace, na mai sauri.

"Baba, na ga abin da suka ɗora wa jirgi yau. Masu ɗorawa sun rufe fuska. Iska ce mai guba, tana bin ƙasa. Ku hau sama, kada ku sauka."

Gawa ashirin da uku aka fitar daga ɗakin nan, babu ɗigon jini a jikin kowa. Wisal ta rayu saboda tana bakin matakala. Rahaf tana can ƙurya, inda uwarta ta zaunar da ita don wurin ya fi aminci.

*

A rana ta tara Likita Suhair ta hau benen, tana haki, da jaka a kafaɗa. Ita ce ta wanke waɗanda suka tsira da ruwan tiyo a ƙofar asibiti, har yau idanunta ba su daina ja ba. Bayanta Haji Adib ne, tsohon maƙwabcinsa, wanda ya rasa jikoki biyu.

"Kawu, masu binciken ƙasashen waje suna makarantar firamare har la'asar," in ji ta. "Sun ɗebi ƙasa, sun ɗebi jini. Sun ce wannan zai nuna mece ce gubar, amma ba zai nuna wa ya jefa ba. Inna Wisal ta gaya mini akwai takarda."

"Wisal ba ta da lafiya. Sambatu take."

"Kai ne dai mai sambatu," in ji Haji Adib. Ya zauna a kan bulo ya jingine sandarsa. "Rediyon gwamnati na cewa mu muka shaƙa wa kanmu. Ni Adib, na kashe jikokina don a ɗauke ni hoto! Ka ji fa."

Fawwaz ya ci gaba da kankare kashin tsuntsaye daga katako. "Haji, ba kai ne ka hana ni tsayawa shaidar auren 'yar ƙanwarka ba? Ka ce mai tattabaru maƙaryaci ne. To, ina nan a maƙaryacina."

"Yau kuma ka tuna? Shekara ashirin kana cin alewar baƙlawa ta gidana ba ka tuna ba."

"Ba ta da daɗi ma."

Babu wanda ya yi dariya. Fawwaz ya ajiye ƙarfen da yake kankarewa da shi ya dubi likitar.

"'Yata, ke mai ilimi ce, ki faɗa mini. In na ba su, me zai biyo baya?"

"Jiragen ruwan manyan ƙasashe suna teku. An ce hujja suke jira."

"Su bugi ina?"

Ta sunkuyar da kai. "Sansanin."

"Manyan hafsoshi za su kwana a can ranar?"

"Ba na jin haka."

"Wa za a bari a bakin ƙofa da bindiga?" Bai jira amsarta ba. "In kuma ba su buga ba, takardar za ta zaga ofis-ofis, wani ya karanta wa wani, har ta koma bayan dutse. Soja nawa ne a can ubansa ke kiwon tattabaru? Shekara biyu ana kashe mu da bam na ganga mai ƙusa, ba wanda ya motsa daga teku. Yanzu da aka canja abin kisan ne ransu ya ɓaci. Su daidaita tsakaninsu, ban da ɗana."

"Ba zan yi maka alkawarin komai ba, Kawu," in ji Suhair. "Ban yarda da su ba ni ma. Abin da na sani shi ne, in ba a san mai jefawa ba, zai sake."

"A sauka lafiya."

*

Bayan azahar ya shiga ɗaki da kofin shayi. Wisal tana kwance, ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa, ɗankwalin Rahaf a ƙarƙashin kumatunta.

"Me ya sa kika gaya mata?"

"Don gaskiya ce."

"Ɗanki ne fa, Ummu Giyas."

"Ni na haife shi, ba sai ka tuna mini ba." Ta yi tari mai tsawo. "Kana tsammani bai san abin da yake yi ba da ya saki tsuntsuwar nan a gaban mutane? Yaron da ke tsoron kyankyaso. Ya rubuta don a karanta."

"Don mu ya rubuta."

"Mu kuma ba mu karanta da wuri ba."

Ba ta ce laifinsa ne ba. Tun ranar ba ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi zama masa a ƙirji. Ya koma sama ya tsaya gaban baƙar tattabarar. Da za ta iya komawa, da ya rubuta kalma ɗaya tak, gudu. Amma shi ya horar da ita, ya san hanya ɗaya ta iya.

Yana nan tsaye ƙarar jirgi ta sake tasowa.

Daga saman benen yana ganin layin gaba ɗaya. Mutane suka fito da gudu, sannan suka tsaya cak a tsakiyar titi. Wata mata riƙe da jariri ta nufi matakalar ƙasa, ta ja da baya, ta nufi ta sama, ta dawo. In ganga ce, sama mutuwa. In iska ce, ƙasa mutuwa. Haji Adib yana tsakiyarsu yana ɗaga sanda.

"Abu Giyas! Kai da ke sama! Mu hau ko mu sauka?"

Duk fuskokin suka ɗago gare shi, mutumin da ba a karɓar shaidarsa. Ya ɗaga kai ya duba sararin sama. Ranar nan akwai wanda ya gani ya faɗa. Yau babu tsuntsuwa a sama.

Jirgin ya wuce bai saki komai ba. Matar ta zauna a ƙasa, a nan tsakiyar titi, tana jijjiga jaririn da ba kuka yake ba.

*

Ana kiran la'asar ya isa makarantar. Fararen motocin masu binciken sun riga sun tayar da inji. A ajin 'yan shekara biyar, inda Rahaf ta taɓa zama, wani baƙo mai furfura yana rufe akwatuna, tafinta na gefensa, Suhair tana sa hannu a wasu takardu. Da ta gan shi ta miƙe.

Fawwaz ya ciro gwangwanin taba daga aljihun ƙirjinsa ya buɗe. Takardar tana ciki a naɗe, da zaren da aka ɗaure ta. Ya riƙe ta ɗan lokaci. Wurin da babban yatsan Giyas ya danna ya bar tabon man inji.

Baƙon ya sa safar roba, ya buɗe wata 'yar jaka mai haske, ya yi magana.

"Yana tambaya," in ji tafinta, "ko ka san abin da wannan zai iya jawowa?"

"Na fi shi sani."

"Sunanka da sana'arka, don a rubuta."

"Fawwaz, uban Giyas da Rahaf." Ya saki takardar cikin jakar, ya ga an liƙe bakinta. "Sana'a kuwa, rubuta mai tattabaru."