Fitilar Ko-ta-kwana

Torunn ta juya wa mijinta baya, ta matse ƙaramar fitilar tsakanin gwiwoyinta, ta sa tawul ta murɗa kan da hannu biyu har haske ya kawo. Sai ta mayar da shi baya ɗan ƙiris, daidai inda hasken ya ɗauke, ta maƙala ta a ɗamarar ƙirjinta kamar ba ta yi komai ba.

Ta san sarai abin da ta yi ba daidai ba ne, don ita ce ta ƙarar da ƙuruciyarta tana koya wa masu nutso akasinsa. Irin wannan fitila ba ta da makunni, murɗa kan ake yi ta kama. Ƙa'ida ita ce a kwance kan sosai kafin a faɗa ruwa. In aka bar shi a kusa, nauyin ruwa ne zai danna shi a can ƙasa, fitila ta kunna kanta, batir ya tsiyaye. Ranar da babbar fitilarka ta mutu a cikin duhu, ka lalubo ta ko-ta-kwana, ka tarar ta riga ka gajiya.

Amma tun hunturun bara sanyin ƙashi ya kama mata yatsu. Ga kuma dokar da ita da bakinta ta kafa: duk wanda ba zai iya kunna ƙaramar fitilarsa da hannu ɗaya cikin safar hannu mai kauri ba, ba ya shiga cikin mushen jirgin da ya nutse. Ƙattin samari ta sha mayarwa kan benci saboda wannan doka, ba sani ba sabo. Yau in ta kasa, mijinta Eilif ma ba zai shiga ba, don ba a shiga mutum ɗaya. Tun suna saurayi da budurwa tare suke sauka, kuma tana tsoron ranar da za a ce ita ce ta kawo ƙarshen abin.

"Uwargida, har yanzu kina fama da waɗannan masu murɗe-murɗen?" in ji Oddvar, mai kwale-kwalen da ya kawo su, yana ɗaga tasa fitilar mai ƙaton makunnin da ake turawa da babban yatsa.

"Ajiye mana tocilan tsoffin nan," ta ce. "Ka ba kakarka ta riƙa zuwa bayi da ita."

"Kakata ta fi ki wayo, ai ba ta shiga ruwan ƙanƙara."

Eilif ya yi dariya, ya miƙa wa Oddvar fulas ɗin kofi. "Buɗe mana, hannuna a jiƙe yake."

Safiyar ta yi kyau. Mashigin tekun ya kwanta luf, duwatsu sun miƙe a gefe da farar ƙanƙara a kansu. Suka sha kofi da burodi da cuku, suka goya tukwanen iska, sannan suka tsaya fuska da fuska don dubawar ƙarshe. Eilif ya taɓa ƙaramar fitilarsa ta kawo. Torunn ta taɓa tata, ita ma nan take.

"Kai, tsohuwa, da sauranki," ya ce.

"Wa ka ke kira tsohuwa? Wuce mu je."

Suka bi igiya ƙasa. Launin ruwan ya tashi daga kore ya koma toka-toka, toka-toka ya koma baƙi. Nan ne Torunn ta fi jin daɗin duniya. Babbar fitilarta na fidda haske siriri kamar sanda, irin wanda ke ratsa ruwa mai laka bai fantsamo maka a ido ba. A ƙarƙashin ruwa da haske ake magana. Ta zana da'ira da haskenta a gefen tsohon jirgin dakon kayan da suka zo shiga, wato lafiya? Hasken Eilif ya zo daga bayanta ya zana tasa a kan tata, lafiya lau. Ba ta bukatar waiwaye. Muddin ɗigon haskensa na tafiya kusa da nata, ta san yana nan.

Sun kai bakin ƙofar da za su shiga ke nan ta ga wani haske na uku a kan laka, daidai ƙarƙashin cikinta. Ta sunkuya ta duba ƙirjinta, ga ƙaramar fitila tana ci abinta, ba wanda ya taɓa ta.

Kunya ta rufe ta. Duk mai nutso ya san ma'anar wannan, balle mijinta. Tana iya kashewa ta wuce, amma ƙofar nan duhu ne zalla a bayanta, kuma ransa ma yana hannunta. Ta yi ta maza, ta juyo don ta nuna masa.

Eilif na shawagi a bayanta, ya naɗe hannun hagu a ƙirji kamar mai jin sanyi. Ta tsakanin yatsun safarsa hasken tasa ƙaramar fitilar na tsiyayowa.

Suka tsaya suna kallon juna ta gilashin fuska. A hankali ya sauke hannun. Torunn ce ta fara, dariya ta ƙwace mata a cikin bututun numfashi, kumfa ya yi sama bul-bul, har ruwa ya ɗan shigar mata gilashi. Kafaɗun Eilif ma sai rawa suke. Ta ɗaga babban yatsa, alamar a hau. A wannan sana'a kowa na iya soke nutso a kowane lokaci, kuma ba a tambayar dalili.

Hawan ba a gaggawa, sai an riƙa tsayawa a kan igiya jiki ya huce. Suka rataya kafaɗa da kafaɗa, ƙananan fitilunsu na ci, ba wanda ya damu ya kashe.

"Da wuri haka?" in ji Oddvar yana karɓar tukwanensu. "Kun tarar jirgin ya tashi ne?"

Torunn ba ta kula shi ba. Ta zauna ta dubi mijinta. "Tun yaushe yatsunka suka gaza?"

"Tun kafin Kirsimeti. Ke fa?"

"Na riga ka."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Tsoro nake ka zauna a gida saboda ni. Kai me ya hana ka?"

"Wa ya isa ya faɗa miki? Ai benci za ki nuna mini."

"Da na nuna maka kuwa," ta ce, tana share ido da bayan hannu. Sai ta juya. "Oddvar, fitilar nan taka, irinta nawa gare ka a kwale-kwalen nan?"

"Wacce? Ta zuwa bayi?"

"Biyu nake so. Da la'asar za mu koma, in ta kunnu da safar hannu. Kuma in na ji labarin nan a gari, kai ne."

Oddvar ya sa hannu a ƙirji, fuska ba alamar wasa, ya tafi binciken akwatinsa. Eilif ya ɗauko fulas, ya gwada murfin sau ɗaya, ya miƙa mata. Ta riƙe, ta gwada ita ma. Sannan ta ɗaga murya.

"Oddvar, zo ka buɗe mana. Hannunmu a jiƙe yake."