Waƙar da Ta Yi Shaƙuwa

Wata huɗu Kunne ya yi yana aikin waƙoƙi takwas na Mawaƙiya, cikin minti uku mijin yayarsa ya watsa masa su a ƙasa.

Kunne shi ne mai haɗa sauti a situdiyon. Abokan sana'a ne suka laƙaba masa sunan, wai ko sauro ya gifta ta gaban makirfo zai gaya maka a ƙoshe yake ko da yunwa. Situdiyon kuwa na mijin yayarsa ne, mutumin da ya naɗa kansa Darakta har ya sa aka rubuta a ƙofar ofishinsa, ko da yake ba a taɓa ganin abin da yake juyawa ba in ban da kujerarsa. Ɗakin aikin ɗaya ne, an manne bangonsa da soso. Akwai tebur, kwamfuta, lasifika biyu, sai wani ɗan akwatin ƙarfe mai girman tafin hannu, wanda ke karɓar waƙa daga kwamfuta ta kebul ya mayar da ita sautin da lasifika za su fitar. Akwatin sauti ke nan. Na Kunne ne na kansa, shekararsa tara a hannunsa, fentin gefensa duk ya goge.

Ranar Litinin da hantsi Mawaƙiya ta zo jin aikin da aka gama, da 'yan amshinta biyu. Ta zauna ta lumshe ido, Kunne ya saki waƙar farko. Ana cikin daɗi sai aka ji ƙas, sautin ya ɗauke kamar mai shaƙuwa, sannan ya ci gaba. Kafin a kai amshi ya sake yi. Ya kuma yi.

Mawaƙiya ta buɗe ido. "Malam Kunne, mene ne wannan?"

"Hajiya, wallahi jiya lafiya ƙalau na ji ta. Ba ni minti biyu."

Bai samu ko rabin minti ba. Darakta, wanda shigowarsa ke nan da jakar kwamfutarsa a kafaɗa, ya dafa bayan kujerar Kunne ya girgiza kai irin na mai tausayi.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Ƙanin matata ne, shi ya sa nake rufa masa asiri. Kunnen ya tsufa, akwatin nan ya fi kunnen tsufa. Aikin tun daga ɗauka ya lalace. Amma na buɗe sabon wuri a benen tsallaken titi, da sababbin kaya da injiniya na gaske. Ki ba ni kwana uku ki sake rerawa, mu gina komai daga tushe." Ya dubi Kunne. "Kai kuma riƙe kayanka, ko daƙiƙa ɗaya ba ma buƙata a ciki."

'Yan amshi suka kwashe da dariya, ɗaya har tana kwaikwayon shaƙuwar. Kafin la'asar labari ya gama gari, don masu sana'ar sauti ba abin da suka iya yaɗawa kamar magana. Mutum biyu suka janye aikinsu. Wani abokin sana'a ya kira shi yana tambayar ko ya sha ruwa, an ce yana maganin shaƙuwa.

Abin ya ci wa Kunne rai ba kaɗan ba. Ba shi da gida nasa, ba shi da mota, sunan nan shi ne duk abin da ya tara cikin shekara ashirin. Da ya kai ƙara wurin yayarsa a waya, cewa ta yi, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwana, ka san halinsa. Bakinsa ne kawai." Ya ce to, ya ajiye wayar, zuciyarsa na tafarfasa.

Washegari ya zo da littafi da biro. Ƙa'idarsa ce tun yana koyon aiki: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, a saurara, a rubuta. Mai canza abu uku a tare ko ya dace bai san me ya gyara ba.

Ya fara da kebul. Ya sa sabo, ya saurara har bayan ƙarfe goma da rabi, sai ƙas. Ya rubuta. Ya mayar da kebul ɗin wata kafar kwamfutar, ƙas. Ya cire caja ya bar ta a kan batir, ko wutar ginin ce ke shigo da datti, ƙas. Ya shiga saiti ya ƙara yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta miƙa wa akwatin, yadda ko ta yi tuntuɓe ba za a ji ba. Shaƙuwar ta ragu amma ba ta tafi ba. Ya duba ko saurin da kwamfutar ke aiko da sauti ya saɓa da na akwatin, ya tarar daidai suke. Ran Laraba ya aro wani akwatin, sabo dal, yana addu'ar kada ya zama nasa ne mai laifin. Shi ma ƙas. Ya shafa tsohon akwatinsa kamar mai ba shi haƙuri.

Ran Alhamis ya zauna ya ƙura wa littafin ido. Daga ƙarfe takwas zuwa goma da rabi babu ko ɗaya, duk kwanakin biyu. Daga nan sai su yi ta zuwa kamar na minti ashirin, sannan shiru. Kayan aiki ba su san agogo ba, mutane ne suka san shi. Me ke faruwa a ginin nan ƙarfe goma da rabi?

Yana cikin wannan tunani ya ji maigadi na jan ƙofar mota. Takalmin Darakta ya hau matakala, ƙofar ofis ta buɗe, kujerar nan ta yi ƙara. Bayan minti ɗaya waƙar da ke tashi ta yi ƙas, ƙaramar fitilar rumbun kwamfutar kuma ta kama ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa.

Kunne ya buɗe jerin abubuwan da kwamfutar ke yi a ɓoye. Can ƙasa ya ga wata manhaja da ba shi ya sa ta ba. Aikinta ɗaya ne: da zarar kwamfutar Darakta ta hau intanet ɗin ginin, sai ta kwashe duk abin da ya sabunta a foldar aikin Kunne ta tura mata. Kwasar ce ke shaƙe kwamfutar har ta kasa ciyar da akwatin sauti a kan lokaci. Ranar da aka sa ta tana nan a rubuce, wata uku baya, ranar da ya je asibiti ya bar wa Darakta mukulli.

Wato ɓarawo ne ya yi tuntuɓe da kayan sata a gaban mutane, ya juya ya nuna mai gida. Sake rerawar da aka sa Mawaƙiya kuwa wasa ne kawai. Aikin Kunne za a miƙa mata da sunan wani.

Da farko ya ɗora yatsa zai goge manhajar. Sai ya janye. Da ya tashi ya shiga ofis ya shaƙe Darakta, da an ce ƙanin mata ya yi wa mijin yayarsa rashin kunya, magana ta mutu a falo tsakanin dangi. A gaban mutane aka ci masa mutunci, a gaban mutane yake so a biya shi.

Ya ɗauki waƙoƙin nan takwas masu tsabta ya kwafe su a wani ɗan rumbun ajiya na hannu, ya sa a aljihu. Sannan ya zauna ya yi aikin da bai taɓa yin mai kyau irinsa ba. Ya naɗi shaƙuwar kanta, ya dinga dasa ta cikin waƙoƙin da hannu, nan ɗaya, can biyu a jere, yana rubuta minti da daƙiƙar kowace. Bai taɓa minti na farko na kowace waƙa ba, don ya san mutuminsa: Darakta bai taɓa jin waƙa ta wuce daƙiƙa talatin ba tare da ya ce "ta yi" ya tsallake ba. Ya sa wa fayilolin suna "na ƙarshe", ya ajiye a foldar. Da safe ƙarfe goma da rabi ya zauna ya kalli fitilar tana ƙiftawa, yana murmushi.

Mawaƙiya ta yi kwana ukunta a sabon wuri tana rerawa har muryarta ta dushe. Bayan mako biyu aka sa ranar ji. Darakta da kansa ya leƙo ɗakin soso ya ce, "Ƙanina, ka tsallako ka ga yadda ake aiki. Ba a girma da koyo."

"Zan zo, Darakta. Na gode da ka tuna da ni."

Sabon wurin ya haɗu, wannan ba a musu. Akwatin sautinsu ya kai faɗin tire, fitilu shuɗaye a jere. Injiniyan wani dattijo ne mai furfura a gemu, mai shiru-shiru. An gayyato mutane sun kai goma sha biyar, har da abokin nan mai maganar shan ruwa. Kunne ya gaishe da Mawaƙiya ya miƙa mata takarda a ninke.

"Hajiya, ki riƙe mini wannan. Kada ki buɗe sai na roƙe ki."

Aka saki waƙar farko. Darakta na kaɗa kai yana duban fuskokin mutane. Minti ɗaya da daƙiƙa goma sha bakwai, ƙas.

Darakta ya yi dariyar yaƙe ya ce kebul ne, sabon kaya sai a hankali. Injiniya ya canza kebul. Aka sake, ƙas. Ya canza kafa, ya kashe kwamfutar ya kunna, ya shiga ƙarƙashin tebur ya fito da ƙura a gwiwa.

"Ko a gwada cire caja?" in ji Kunne daga kujerar baya, murya a sanyaye. "Wani lokaci wutar gini ce."

Aka cire caja. Ƙas.

"To ko akwatin ne ya tsufa?"

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Gumi ya jiƙa wuyan rigar Darakta, ya koma yi wa injiniyan tsawa. Minti arba'in Kunne ya bar su suna fama, kuma ba zai ɓoye ba, kowane minti ya yi masa daɗi. Dattijon ne kaɗai ya ba shi tausayi, shi ne ma ya sa ya taƙaita. Da ya ga mutumin ya tsaya yana kallon agogon waƙar da alamar ya fara ganewa, sai ya miƙe.

"Hajiya, buɗe takardar. Karanta layi na uku."

Ta buɗe. "Waƙa ta uku, minti biyu da daƙiƙa biyar, sau biyu a jere."

"Malam Injiniya, don Allah sa mana ta uku."

Kowa ya zuba wa agogon ido. Minti biyu da daƙiƙa biyar, ƙas, ƙas. Mawaƙiya ta karanta na gaba da kanta, ba wanda ya sa ta. Waƙa ta shida, minti uku cif. Aka sa, ƙas.

"Shaƙuwar gaske ba ta zuwa wuri ɗaya sau biyu," in ji Kunne. "Wannan ni na dasa ta da hannuna, cikin aikina, a kwamfutata, kwana uku bayan an ce ba a buƙatar ko daƙiƙa ɗaya a ciki. Sai a tambayi Darakta ta wace ƙofa ta tsallako titi."

Injiniyan ya ɗaga hannu biyu. "Ni dai yau da safe aka ba ni fayilolin nan aka ce in sa. Abin da Hajiya ta rera a nan yana can ban ma gama taɓa shi ba."

Mawaƙiya ta juya ta kalli Darakta tun daga takalmi har hula. "Kwana uku ina tsaga maƙogwarona a ɗakin nan, ashe wasan yara kake yi da ni? Ni?" Abin da ta faɗa bayan wannan ba ya rubutuwa, amma mutum goma sha biyar sun ji, kuma dukansu masu waya ne. Darakta ya ce akwai rashin fahimta, ya ce maganar gida ce.

Da ta gama ta dubi Kunne. "Malam Kunne, mai tsabtar tana nan?"

Ya dafa aljihunsa.

"Gobe ka kawo mini gida, da akwatinka. Sunanka ne zai hau kai, kuma ni zan faɗa da bakina."

Da yamma yana ɗakin soso yana naɗe kebul-kebul ɗinsa cikin kwali, don ya san zamansa a ginin ya ƙare, sai ga yayarsa a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba. Idonta ya yi ja.

"Da ka gano, me ya hana ka zo ka same ni?"

"Na same ki, Yaya. Kin ce bakinsa ne kawai."

"Uban 'ya'yana ne. Yau ko waya ya kasa ɗauka. Yaran nan gobe za su shiga makaranta a nuna su." Ta share ido da gefen mayafi. "To ka rama. Hankalinka ya kwanta?"

Ita ta goya shi, ita ta saya masa lasifikar kunnensa ta farko. Ganin hawayenta ya soke shi har ƙasan zuciya. Ya laluba cikinsa da gaske ko zai samo nadamar da zai miƙa mata ta tafi da ita, bai samu ko kaɗan ba, kuma bai iya yi mata ƙarya.

"Ya kwanta, Yaya."

Ta ce kada ya zo gidan sai ta neme shi. Ya saurari takunta har ta sauka matakalar ƙarshe, ya ɗauki kwalinsa ya kashe fitila.