Wayar Takarda ta A-chiao

Idan mutum ya ƙona wa mahaifiyarsa da ta rasu wayar takarda, tsohuwar ta ɗauka a can lahira ta kira shi cikin mafarki, da fasahar wa ta yi kiran? Babu wanda ya san amsar a garin Hsinchu. Amma an taɓa ajiye tambayar a rubuce a kan teburin Injiniya Yen Kuo-chang, da gurbi biyu a ƙasanta, aka ce ya zaɓi ɗaya ya buga hatiminsa kafin ranar Juma'a.

Kamfanin Farar Tattabara da rediyon 'yan tasi ya fara. Tsoho Kung, wanda ya kafa shi, a bayan shagon taliyar surukinsa yake haɗa su, shi ya sa na farko duk suke ƙamshin soyayyar albasa. Daga nan aka koma wayar gida marar igiya, aka gina masana'anta mai ɗaukar mutum ɗari tara. Yen ya shigo yana ɗan shekara ashirin da shida. Shi ya gano dabarar da kira zai bar wannan eriya ya kama waccan ba tare da ya yanke ba, ko da mai magana yana gudu a kan babur. Kung ya yi wa dabarar rajista da sunan kamfani, ya ba Yen agogon hannu.

Da masana'antun ƙetare suka karya farashi, sai aka sallami ma'aikata, aka sayar da ginin. A nan ne kamfanin ya gane cewa takarda ta fi ƙarfe albarka. Bai sake ƙera ko kusa ɗaya ba. Ya koma hawa na goma sha huɗu a wani dogon bene, da lauyoyi goma sha ɗaya da injiniya ɗaya. Aikin Yen shi ne a kawo masa wayar wasu, ya buɗe, ya gwada, ya buga hatimi cewa akwai dabararsu a ciki. Sai lauyoyi su rubuta wa masu wayar wasiƙa: ko su yanki lasisi, ko a haɗu a kotu. Yanzu shekararsa saba'in da ɗaya, kuma bai taɓa buga hatimin a kan abin da bai gwada da hannunsa ba. Da wannan kaɗai yake alfahari, tun da sauran abubuwan alfaharin an sayar da su tare da ginin.

Ranar Litinin, a farkon watan bakwai da ake buɗe wa matattu ƙofa, Lauya Chien ya shigo ofishinsa da kwali a hammata. Chien bai kai arba'in ba, bai taɓa ganin masana'antar ba sai a hoto.

"Baba Yen, na kawo maka nama."

Yen ya buɗe kwalin. Waya ce sabuwa fil, da cajarta, da abin sawa a kunne. Ya ɗaga ta, ya ji ba ta kai nauyin ganyen shayi ba.

"Wannan ai takarda ce. Ta matattu ce."

"Buɗe bayanta tukuna."

Ya sa farce ya ɗaga murfin. A ciki akwai koren allo na kwali, an zana masa layuka da tawada mai ruwan azurfa, siri-siri, kowanne a muhallinsa. A kusurwar hagu kuwa ga nasa zanen, wanda ya yi shekara biyu yana fama da shi, ba a bar ko ɗigo ba.

"Ka karanta abin da aka rubuta a kwalin," in ji Chien. "'Tana kama sabis a can, kira ba ya yankewa.' Wata tsohuwa ce take yin su a layin bayan haikali. Har daga Tainan ake zuwa saye. Gurbi biyu ne, Baba. In ka ce tana aiki, ta ci mana haƙƙi, sai lasisi, kuma ba za ta iya biya ba. In ka ce ba ta aiki, ta yaudari jama'a da zanenmu, sai mu kai ta gaban hukuma."

"Kowanne na zaɓa an rufe mata shago ke nan."

"Ni dai ban ce a rufe ba. Doka ce za ta ce."

"Me muke nema a wurin mai manna takarda, Chien?"

"Misali muke nema, wanda za mu kafa hujja da shi nan gaba. Mutanen duniya biliyan takwas ne, kuma duk sun riga sun sayi waya. Ka san adadin waɗanda suka mutu? Ba a taɓa shiga wannan kasuwar ba, Baba. Shugaban kamfani da na gaya masa sai da ya tashi tsaye."

"To ku rubuta wasiƙarku, ku ƙyale ni."

Chien ya yi dariya. "Da ana iyawa ai da ban hau kanka ba. Marigayi Tsoho Kung ya ɗaure mu a kundin kamfani: wasiƙa ba ta fita sai injiniya ya gwada ya rubuta sakamako. Juma'a, Baba."

Washegari da hantsi Yen ya hau baburinsa ya nufi layin bayan haikali. Shagon cike yake da gidajen takarda masu hawa uku, da motoci, da firji, da kujerar tausa. Wata mata mai furfura tana zaune a ƙofa da tabarau biyu a hanci, ɗaya kan ɗaya, tana jan layin azurfa. Ya gane hannun kafin ya gane fuskar. Pan Shu-chiao ce, A-chiao, wadda ta yi shekara goma sha bakwai tana liƙa dalma a layi na uku na masana'antarsu.

"A'a! Injiniya da kansa," ta ce, ba ta ajiye alƙalamin ba. "Ashe kana nan? Na zaci tuni an fara ƙona maka kaya."

"A-chiao, me ya kai ki zana cikin? Wa yake buɗe bayan wayar da za a jefa wuta?"

"Kai ka koya mana. Ka manta ranar da ka sa na kwance guda ɗari biyu saboda ɗigo ɗaya ya karkace? Ka ce mai saye ba ya gani amma waya tana gani." Ta hura tawadar. "Na sauran shaguna holoƙo ne, ba komai a ciki. Ka aika wa uwarka holoƙon waya, ta yi ta jijjigawa a can gaban ƙawayenta? Ni duk shekara sai na sayi matacciyar waya a kasuwar gwanjo, na buɗe na ga abin da kuka sauya."

Ya zauna a kan benci, ya gaya mata komai, da gurbin dama da na hagu. Ta saurara har ya gama, ta zuba masa shayi.

"To wanne za ka zaɓa?"

"Ban sani ba. Ki gaya mini gaskiya, tana aiki?"

"Mai sayar da kifin can ya ce babansa ya kira shi sau uku, duk zagi ne. Wata malamar makaranta ta ce shiru take ji, amma uwarta dama ba ta iya danna waya ba. Ni ban taɓa zuwa can ba, Injiniya. Kai ne mai gwaji." Ta ɗauko waya ɗaya daga kan kantar shagon ta tura gabansa. "Ungo. Ka aika wa matarka Yueh-o. Shekara shida ke nan da rasuwarta, ko?"

Ya mayar mata da ita da yatsa ɗaya.

"Ba na ƙona takarda."

"Na ji labari. 'Yarka ta zo nan bara tana kuka, wai ka hana a ƙona ko da a tsakar gida."

"Takarda takarda ce. In ta ƙone toka ce."

"Ku da kuke cin abinci da takarda a hawa na goma sha huɗu? Haba dai." Ta cire tabarau ɗaya ta dube shi. "Ba tokar kake tsoro ba. Ka bar ni in yi shiru kawai."

Ta mayar da tabarau ɗin, ta ci gaba da jan layinta. Ranar da Yueh-o, matarsa, ta faɗi a kicin, Yen yana wata kotu a ƙasar waje yana ba da shaida a kan eriya, wayarsa a kashe kamar yadda alƙali ya umarta. Da ya kunna ya tarar da kira huɗu daga gare ta, sauran duk daga asibiti. Tun daga ranar yake juya abu ɗaya a ransa. In ya ƙona mata waya ba ta kira ba, ba zai taɓa sanin ko wayar ce ba ta aiki ko matar ce ba ta son magana da shi ba. Muddin bai ƙona ba, yana iya ɗora laifin a kan takarda.

Laraba da Alhamis ya yi su yana kallon gurbi biyun. Ya ɗauki hatimi ya ajiye ya fi sau goma. In ya ce tana aiki, ya yi ƙarya, don bai gani ba. In ya ce ba ta aiki, nan ma ya yi ƙarya, don bai gani ba. Ya yi tunanin ya ce ba shi da lafiya, sai ya tuna za su ɗauko wani injiniya daga waje wanda zai buga hatimi kafin shayinsa ya huce. Da la'asar ɗin Alhamis ya sauko da kundin Kung daga saman kabad, ya kaɗe ƙura, ya karanta sashen da kansa. An ce sai injiniya ya gwada ya rubuta sakamako. An ce gwajin da aka fara, wanda ya fara shi ne kaɗai zai rufe shi. Ba a faɗi kwana nawa gwaji yake ɗauka ba, domin a zamanin rediyon tasi minti biyar ya isa.

Zai iya rubuta cewa gwaji yana gudana, wasiƙa ta tsaya. Sai dai in bai fara gwajin ba, wannan ma ƙarya ce, kuma ita ce mafi muni a cikin ukun, don ita ce mai daɗi.

Ranar Juma'a ita ce ranar da ofisoshin benen suke fitar da tebur a bakin titi domin matattu, baƙin watan bakwai. Da ƙarfe biyu na rana an jera lemo da biskit da taliyar leda da kwanon ruwa da tawul, turaren tsinke a soke a kan kowanne. Jar garwar ƙona takarda tana ci a gefe. Lauyoyi goma sha ɗaya suna tsaye a layi cikin kwat, suna sunkuyawa tare.

Yen ya sauko da kwalin a hannu ɗaya, takardar gwaji a ɗaya. Chien ya fito daga layi.

"Baba, ka buga?"

"Ban gwada ba. Yanzu zan gwada, kai ne shaida. Riƙe takardar, ka cike abin da na gaya maka."

Chien ya duba hagu da dama, ya karɓa. "Wurin gwaji?"

"Bakin titi."

"Yanayin sama?"

"Iska, kamar kullum."

"Sunan wanda yake ɗaya ɓangaren." Chien ya ɗaga kai. "Baba, wannan gurbin fa? Mu sa Tsoho Kung? Shi ne mai kamfani, zai so ya ji."

"Kung bai taɓa ɗaukar waya ba yana raye, sai ya mutu zai fara? In aka ji shiru ba za mu san laifin wa ba ne."

"To wa?"

Yen ya dubi garwar. Da wadda zai faɗa ɗin ma, in aka ji shiru, ba zai san laifin wa ba ne. Amma ita ce kaɗai ya san ta haddace lambarsa.

"Rubuta Lo Yueh-o."

Chien ya rubuta, ya daina murmushi. Ya taɓa agogonsa. "Minti nawa za mu ba ta?"

"Kundi bai sa iyaka ba."

"Haba Baba! To yaushe za ka rubuta sakamako? Shugaba yana jira."

"In ta kira, zan rubuta tana aiki."

"In ba ta kira ba fa?"

"Sai in jira. In na je can da kaina zan duba ko ta iso."

"Ka aiko mana da sakamakon ta ina?"

"Ku ƙona mini ɗaya. Amma ku saya a wurin A-chiao, na sauran holoƙo ne."

Wata lauya a bayan Chien ta toshe baki da hannu. Chien ya sake duba takardar, ya ga babu inda zai kama. A gurbin sakamako ya rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa gwaji yana gudana, ya miƙa. Yen bai buga hatimin ba tukuna. Ya ciro wayarsa ta gaske daga aljihu, ya tabbatar a kunne take, ya ƙure ƙararta, ya mayar. Sannan ya buɗe kwalin, ya fara sa cajar a wuta, don kada wayar ta isa babu caji. Ya riƙe wayar takardar da hannu biyu kamar mai miƙa wa babba kaya, ya faɗi sunan matarsa a hankali, ya sake ta cikin garwar.